Jika Biyu da Ashirin: Nazarin Bayanin Kayan Aiki ga Ɗan Aiken Na'ura

Duk wanda ya taɓa cinikin kifi a bakin tafkin Madarunfa ya san in mai kifi ya ce "ɗari", ba sefa 100 yake nufi ba. Dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, domin a bakin Bahaushen Nijar dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Yaron gida ba sai an faɗa masa ba. Amma aiki baƙon da ya tsallako daga Jibiya ta Ɗan Isa, wanda a garinsu jaka naira 200 ce, ka sha kallo.

Wannan baƙon nake tunawa duk lokacin da na karanta wani sabon salon rubutu da ya ɓullo a duniyar manhaja. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, a Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP don a daidaita yadda ake haɗa su. Kowane kayan aiki, wato manhajar da ake kira, yana zuwa da abu uku: suna, ɗan bayani cikin maganar yau da kullum, da jerin guraben da za a cike, a tsarin JSON. Ɗan aiken na'ura, wato basirar da ke kiran, ba ya leƙa cikin manhajar. Waɗannan 'yan layuka ne kaɗai idonsa, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Babban ciwon wannan rubutu shi ne rowar magana. Mai rubutun ya kwana ya tashi da manhajarsa, sai ya ɗauka kowa ya san abin da ya sani, ya rubuta "yana tura kuɗi", gurbin adadi kuma ya ce "lamba". Lambar me? Sefa, dala ko naira? Ladar turawa tana ciki ko a kai za a ɗora? Mutum in ya rikice yakan dawo ya ce, "Baba, na manta, nawa ka ce?" Na'ura kuwa sau da yawa cike gurbin take yi da abin da ya fi kama da daidai, ta wuce abinta. Haka nan awon hatsi: bayanin da ya ce "farashin gero" bai ce tiya ko buhu ba, bai ce kasuwar Maraɗi ko ta ƙauye ba, bai faɗi komai ba.

Abin da na fi daraja a bayani mai kyau shi ne hani. Dattijuwar da ta iya aike ba ta tsayawa a "sayo mini manja". Takan ƙara da "in ba ka samu wurin mai tebur na farko ba, kada ka sayi na kowa, dawo mini da kuɗina." Bayanin kirki ma yakan faɗi inda bai kamata a taɓa wannan kayan aikin ba, musamman in akwai ɗan'uwansa mai kama da shi: wannan duba farashi yake yi, wancan ƙulla ciniki. Yakan kuma faɗi abin da zai dawo, da ko aikin na iya warwaruwa. Kuɗin da ya tafi lambar da ba ita ba, aiken bawa garinsu ne.

Akwai kuma ha'inci. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya cusa umarnin ɓoye cikin bayanin, na'ura ta karanta ta bi, mai ita bai gani ba. Saboda haka mai duba inganci dole ya karanta bayanin baki ɗaya, ba taƙaitaccen da aka nuna a allo ba.

To, da me za a auna? Wasu tsawo suke dubawa da tsabtar nahawu, ni kuwa ban ga amfanin wannan ba. An sha ganin dogon saƙo mai daɗin karatu ya ɓatar da ɗan aike. Jadawalin gasar da masu bincike a jami'ar Bakli ta Amurka suka buɗe a 2024 ya fi kusa da gaskiya, tunda yana duba ko an zaɓi kayan aikin da ya dace, an cike gurabe daidai, an kuma haƙura in babu wanda ya dace. Sai dai ɗan aiken yake aunawa, ba saƙon ba. Mai son auna saƙo sai ya juya abin: ya riƙe na'ura ɗaya, ya riƙa sauya kalmomin bayani, ya aike ta sau da dama, yana ƙirga inda ta yi tuntuɓe.

Kuma ya aike ta da bakin mutanen da za su yi amfani da ita. Ni gwajina ga duk kayan tura kuɗi da aka ce an yi wa mutanenmu guda ɗaya ne: "Tura wa Inna jika biyu da ashirin." In gurbin ya nuna 2,100, mai bayanin ya san dala. In ya nuna 2,020, an ci Inna sefa 80.