Shin Mdou Moctar Ya Bar Gida?

Ran nan gardama ta kaure a Dundaye kan Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawan Nijar. Wasu ɗalibai suka ce ya bar gida. Wai faifansa na farko, Anar, da ya ɗauka nan Sakkwato a 2008, taushi gare shi kamar waƙoƙin finafinan Hausa, amma Afrique Victime na 2021 rugugin jita ne da ganguna don kunnen Turawa.

Ni kam ban yarda ba. Waƙar soyayya lallashi take so, kukan zaluncin da ake wa Afirka kuwa sai da tsawa. Har yau yawancin waƙoƙinsa da Abzinanci yake rerawa. Jigo ne ya sauya, kiɗa ya bi sawu.