Sharhin Fim: 'A Battle of Wits', Cainis Ɗin Da Ƙasashe Uku Suka Haifa

A shagunan tura finafinai a waya na Kamazou, daga bakin titin Yakowa har cikin unguwa, in ka ce a ba ka "Cainis" za a haɗo maka har da na Koriya da na Japan, kuma babu mai ƙorafi. Mu dai in an ga takobi da dogon gashi, to Cainis ne. Har Jumong, wanda tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta nuna daga 2006 zuwa 2007, a wannan kwandon aka jefa shi, alhali jarumin da sojojin Sin yake ta fafatawa!

Sai dai kuskuren namu yana da ɗan tushe, kuma babu fim ɗin da ya nuna hakan kamar A Battle of Wits na 2006. Dubi yadda aka haɗa shi. Labarin na wani marubucin Japan ne, Ken'ichi Sakemi, daga littafinsa Bokko, wanda daga baya aka mayar da shi labarin zane. Daraktan, Jacob Cheung, mutumin Hong Kong ne, haka jarumin, Andy Lau. Babban abokin karawarsa kuwa Ahn Sung-ki ne, dattijon 'yan wasan Koriya. Kiɗan fim ɗin na Kenji Kawai ne daga Japan.

Me ya kai Bajafane rubuta littafi a kan yaƙin da aka yi a ƙasar Sin shekara fiye da 2,000 da suka wuce? Ai tarihin nasa ne shi ma. Koriya da Japan da haruffan Sin suka fara rubutu, kamar yadda Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka fara da Ajami. Sai a 1443 Sarki Sejong ya ƙirƙiro wa Koriya nata haruffan, Japan kuwa har gobe tana cuɗa na Sin da nata. Addinin Buddha ma daga Sin ya shiga Koriya, daga Koriya ya tsallaka Japan.

Labarin fim ɗin: dakarun daular Zhao 100,000 sun tunkari ƙaramin birnin Liang. Aka nemi agaji wurin almajiran Mozi, wani malami da ya karantar da ƙaunar kowa da ƙin yaƙin zalunci. Mutum ɗaya tak ya zo, Ge Li, a ƙafa, cikin tsumma. Da dabara ya kare birnin. To a nan ne fim ɗin ya yi zurfi. Da talakawa suka fara son baƙon, sai sarki, mashayi, ya tsorata da farin jininsa, fadawa suka zuga, aka laƙaba masa cin amana. Duk wanda ya karanta littattafanmu na sarauta ya san wannan waziri, ya san wannan fada. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda Ge Li da janar ɗin Zhao suka zauna suna gwada yaƙin a kan allo kamar masu dara, kowa na girmama ɗan'uwansa. Ahn bai yi zare ido irin na bos ba, natsuwarsa kawai ta isa.

Fim ɗin bai rasa aibu ba. Soyayyar da aka cusa tsakanin Ge Li da sojar da Fan Bingbing ta fito a matsayinta ba ta zauna ba, kamar an ji tsoron kada kasuwa ta ƙi fim babu mace. Wa'azin zaman lafiya ya yi yawa a bakin jarumi, bayan hotunan gawarwakin sun riga sun faɗi komai. Ƙarshen kuma ya ja.

Kada mai karatu ya zaci waɗannan ƙasashe 'yan ga-maciji ne da aka sasanta. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kisan Nanjing na 1937 bai bar zukatan Sinawa ba, a 2016 ma Sin ta toshe wa finafinan Koriya kasuwa saboda rikicin makamai. Da wannan miki a jiki suke haɗa jari. Mutumin Kaduna, da ya ga yadda kogi ya raba gari biyu bayan rikicin 2000, zai fahimci nauyin hakan.

Akwai abin da ya kamata 'yan fim ɗinmu su duba. Labarin Hana Yori Dango na Japan an yi shi a Taiwan a 2001, a Koriya a 2009 da sunan Boys Over Flowers, a Sin a 2018, kuma kowane ya rubuta sunan mai labarin, Yoko Kamio, ɓaro-ɓaro. Mu kuwa a wanke fim ɗin Indiya a yi shiru, daga ƙasar da ba mu haɗa kaka da ita ba. Ga Maraɗi, ga Damagaram, ga zangunan Gana, harshe ɗaya, tarihi ɗaya. Jarumai irin su Hadiza Gabon da Rakiya Moussa sun tsallako iyaka sun yi suna a Kano, amma da wuya ka ji furodusan Kano da na Yamai sun haɗa kuɗi sun ɗauki tarihin Gobir ko na Katsina, wanda iyakar Turawa ta raba gida biyu.