BA KOWACE ƊIYA CE NAS BA

Yau da ƙorafi na zo, kuma da mu iyaye mata zan fara, don haka duk wadda maganar ta taɓa ta yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata ɗabi'a ce ta shigo mana a nan Jibiya da sauran garuruwanmu na jihar Katsina. Da zarar an ce yarinya tana da ƙoƙari a makaranta, sai ki ji uwa ta yanke hukunci tun daga bakin murhu: "Ai wannan nas za ta zama." Ba a tambayi yarinya ba, ba a duba abin da hannunta ya fi faɗawa ba. Dalilin kawai shi ne ɗiyar maƙwabta ta sa fararen kaya, ana ce mata sista a asibiti. Haba jama'a! Kowa fa da kiwon da ya karɓe shi.

Bari in ba ki labarin ɗiyar yayata da ke Magama, daf da shingen kwastan. Tun tana firamare take taya uwarta sayar da abinci ga direbobi da fatake masu hayewa Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Yarinyar nan ba a taɓa zaunar da ita an koya mata ba, amma ta san dala sefa biyar ce, jaka guda kuma sefa 1,000 ce, wato dala 200. Kafin mai canji ya gama latsa na'urarsa ta riga ta juya kuɗin zuwa naira a ka. Ga shi ta tsinci Faransanci a bakin baƙi, har tana yi wa uwarta tafinta idan an samu baƙon da ba ya jin Hausa. Da ta shiga aji huɗu na sakandare sai aka tura ta ajin kimiyya, wai don ta zama nas. Ta yi kuka, aka ce ƙuruciya ce. Ita ko jinin kaza ta gani sai ta kau da kai. Sau uku tana zana jarrabawa Kemistiri na kayar da ita. Yanzu tana gida, kuɗin rajista sun tafi, shekaru sun tafi, kuma waɗanda suka tura ta su ne ke cewa ba ta da kai.

To 'yar uwa, wa ya cuci yarinyar nan? Ni dai na ce mu ne.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ba ranar cike takardar JAMB ake zaɓen abin da za a karanta ba. Tun ranar da aka raba 'yan aji huɗu zuwa kimiyya, kasuwanci da adabi aka yi zaɓen. JAMB darussa huɗu take jarrabawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma sai sun dace da fannin da ake nema. Mai son aikin jinya a jami'a sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin akanta sai da Lissafi da ilimin tattalin arziki. Wadda ba ta yi darasi a sakandare ba, ta ina za ta zana shi? Amma mu sai ranar rajista muke tura yarinya da kuɗi a ƙulle a gefen mayafi, mai latsa kwamfuta ya tambaye ta me za a sa, ta waiwaya ta dubi ƙawarta, ta ce a sa mata irin nata. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Aikin jinya da unguwarzoma aiki ne mai daraja, kuma muna matuƙar buƙatar mata a asibitocinmu, duk wadda ta taɓa naƙuda cikin dare ta san haka. Yarinyar da ke rawar jiki wajen jinyar kakarta, ba ta ƙyamar wanke ciwo, to ga makarantar jinya a Katsina, ga ta unguwarzoma a Malumfashi, ga na kiwon lafiya a Kankiya da Daura. Abin da nake suka shi ne a ɗauki riga ɗaya a ce sai ta shiga kowa.

Ki ɗaga kai ki dubi garin nan namu da kyau, za ki ga ayyuka zube kamar tsakuwa. Nan bakin iyaka ne. Takardun da ke fitowa daga Nijar da yawansu da Faransanci ake rubuta su. Ko da yake a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci bai bar ofis ba, ya zama harshen aiki. Yarinya mai kunnen harshe, wadda ke kwaikwayon maganar baƙi tana ba ku dariya, ita ce tafintar gobe ko malamar Faransanci. Ana karanta shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, har gwamnati ta kafa masa ƙauye guda a Badagry a 1991 don ɗalibai su je su goge bakinsu. Ga aikin kwastan da na shige da fice, ba na maza kaɗai ba ne, don a 2024 mace aka naɗa shugabar hukumar shige da fice ta ƙasa baki ɗaya, Kemi Nandap. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Jibiya. Duk tashar jirgi tana son masu lissafi da masu riƙe littafin kaya. Ɗiyan wa za a ɗauka in namu duk sun ƙare a layin neman gurbin nas?

Ita kuma yarinyar da ke riƙe miki kuɗin adashi, ba a taɓa samun kwabo ya yi ciwon kai ba, me zai hana ta karanta akanta ko harkar kasuwanci a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa? Wadda kullum tana garke, ta san akuyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta, akwai karatun kiwon dabbobi. Jar akuyar nan da muke raina wa, masana ne ke bincike a kanta a Shika kusa da Zariya. Wadda ta shuka yakuwa da tumatir a bayan ɗaki tana ban ruwa safe da yamma, ga madatsar ruwan Jibiya a gefenmu, ga sashen aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011. Wadda ke tara ƙannenta da yamma ta ɗauki gawayi tana rubutu a bango, ai ta gaya miki malama ce, sai kwalejin ilimi ta tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita a Dutsin-ma.

Na san wata za ta ce: "To tunda tana son ciniki, a bar ta da tallarta mana." A'a. Mun ga abin da ya faru. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka sake rufewa, sai Maris na 2024. Tukwane nawa aka kife a Magama a lokacin? Mai talla da shinge ta dogara, ranar da aka saukar da shi cinikinta ya mutu. Mai takarda a hannu kuwa ko'ina ta je da abinta take tafe. Sha'awa iri ce, in ba a kai ta gona ba a cikin ƙwarya za ta ruɓe.

Ku ma 'yan mata ban ƙyale ku ba. Ba duk abin da ya burge ki ne sha'awarki ba. Kin ga lauya a fim ta sa baƙar riga, shi ke nan ke ma lauya, alhali shafi biyu ba ki iya karantawa ba ki yi hamma ba. Ga ma'auni mai sauƙi. Wane aiki ne kike yi ba a sa ki ba, har a kira ki cin abinci ki ce ana zuwa? Wane darasi ne sakamakonki ke kyau ko ba ki kwana karatu ba? A kan me ƙawayenki ke zuwa neman taimakonki? Inda amsoshin nan uku suka haɗu, nan hanyarki take. Daga nan ki nemi wata mai yin aikin, ki gaishe ta da ladabi, ki tambaye ta wahalarsa kafin daɗinsa. Sannan ki samu malaminki tun kina aji uku ya gaya miki darussan da fannin ke buƙata.

Ke kuma uwargida da aure ya katse miki karatu, kada ki ce an bar ki a tasha. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna tana ba da NCE ta karatu daga gida, jami'ar NOUN ma tana da cibiya a Katsina. Ki dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma son rubutu bai bar ta ba, ta koma yaƙi da jahilci, har littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 aka fassara shi zuwa Turanci. Ki zauna da maigida cikin lalama lokacin da ransa ke sanyi, ki nuna masa amfanin gidansa zai koma.

Ita ɗiyar yayata, mun zauna da ubanta, ya yarda bana ta sake zana jarrabawa a ɓangaren kasuwanci. Da tun farko an tambaye ta, da yanzu ta kusa gamawa. Don haka iyaye, yau da dare bayan an ci tuwo, ki kira ɗiyarki ki tambaye ta me take so ta karanta, kuma ki yi shiru har ta gama magana.