Jinjina Ga Maginan Doom

A shekarar 1993 kamfanin id Software na Amurka ya fitar da Doom, wasan kwamfuta da mai buga shi ke kallon bakin bindigarsa, yana ratsa lunguna masu duhu cike da shaiɗanu. 'Yan wasan ne suka cancanci jinjina, domin ba su tsaya ga yabo da kushe ba. Wanda ya ce wani mataki ya yi sauƙi, sai ya zauna ya gina nasa, ya ɓoye ƙofa a bango, ya rage harsashi, ya raba shi kyauta a gwada, a faɗa masa gaskiya. Da kamfanin ya saki rubutun manhajar a 1997, su suka ɗora wasan kan sababbin na'urori, har waya.

Mutumin Zurmi ko Shinkafi, da ya san ƙarar bindigar gaske, zai ce ina abin yabo a harbi? Yana da hujja. Sai dai yaron Ƙauran Namoda da ya buɗe taswirar matakin da wani ya gina, ya ga yadda aka auna duhu da faɗin ɗaki don a tsorata mutum, zane da lissafi yake koyo, wurin malaman da ba su karɓi ko kwabo ba.