Jinjina ga Masu Zanen Hafsoshin Soja

A Wamakko da cikin garin Sakkwato, mai zanen fuska bai cika yin suna ba. Rumfarsa ƙarama ce, gwangwanayen fenti a ƙasa, buroshi a jiƙe cikin kananzir. Amma idan aka kawo masa hoton hafsan soja, aikin na natsuwa ne. Dole ya san mikiya da tauraro ɗaya a kafaɗa laftanar-kanar ne. In ya ƙara tauraro guda, ya mai da mutum kanar. Daga nan sai ido da gashin baki, inda kama take, ya shafa, ya jira fenti ya bushe, ya sake shafawa.

Da hannun irin waɗannan bayin Allah fuskar Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, ta hau jikin manyan motoci ta zaga Arewa. A ƙasar Folan ma, zanen da Wojciech Kossak ya yi wa babban hafsan sojansu Piłsudski bisa goɗiyarsa a 1928 ya zama abin alfahari.

Ba domin masu zanen nan ba, da yara da yawa sun tashi da jin suna babu fuska. Allah ya yi wa hannuwansu albarka.