Malam Sile da Haƙurin da Ba Ya Karɓo Bashi

Duk lokacin da muka buɗe layi a gidan rediyo muka tambayi wane hali ne ke kai mutum ga cika, masu kira daga Nima da Mamobi amsa ɗaya suke bayarwa: haƙuri, sai dogaro da kai. Shi ya sa nake so mu duba labarin "Mallam Sile" na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi da ke rubutu da Turanci, wanda ke cikin littafinsa The Prophet of Zongo Street na 2005.

Sile mai shayi ne, baƙo daga arewa, gajere, mai matsalar ido. Duk halayen da muke yabo yana da su. Da hannunsa ya gina shagonsa, ba ya riƙe kowa a zuci, ba ya hana mai yunwa. Me ya samu? Samarin unguwa su sha shayi bashi, su ƙi biya, su haɗa masa da ba'a. Haka ya kai shekara arba'in da wani abu.

Sai ya je gida ya auro Abiba. Ita ce ta bi Samadu, ƙaton da unguwa ke tsoro, har gida, ta lakaɗa masa duka a gaban jama'a, ta karɓo kuɗin mijinta. Daga ranar aka fara gaishe da Sile da girmamawa.

A nan marubucin ya burge ni. Sile bai san an yi dambe ba. Shi a ganinsa kyautatawarsa ce ta narkar da zukatan mutane, sai ya ƙara godiya ga Allah. Mai karatu ya san gaskiya, amma ba zai iya yi masa dariya ba, domin natsuwar da ke zuciyar mutumin nan ta gaske ce, kuma yana da ita tun kafin Abiba ta zo. Abin da ya rasa shi ne mutunci a idon unguwa, kuma unguwar ba ta ba shi ba sai da ta ji tsoro. Wannan tuhuma ce a kanmu, mu da ke cewa mai koko da mai wake da shinkafa su yi ta haƙuri alhali sunayenmu na cikin littafin bashinsu.

Inda nake da ƙorafi shi ne Abiba. An ba ta ƙarfi da wayo, amma ba a ba mu cikinta ba. Me take so wa kanta? Ta shigo ta gyara rayuwar miji, shi ke nan. Matan Zango da na sani sun fi haka magana.

Sannan har yanzu Turanci labarin yake yi. Masu shayin da ke kwana a bakin titin Nima, waɗanda labarin ya fi shafa, sai an mayar musu da shi Hausa a rediyo kafin su ce mana ko Ali ya gane su.