Jigon Kaɗaici da Nauyin Manzanci a Littafin Ursula Le Guin

A cikin ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka, kaɗan ne suka yi zurfi a kan jigon kaɗaici kamar The Left Hand of Darkness na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1969 ya kuma ci kyaututtukan Hugo da Nebula.

Tauraron labarin, Genly Ai, ɗan wannan duniya tamu ne. Ƙungiyar Ekumen, mai haɗa duniyoyi fiye da 80, ta aike shi duniyar Gethen mai tsananin sanyi don ya gayyaci mutanenta su shigo cikinta. Shi kaɗai aka sauke, ba makami, abokan tafiyarsa na barci a jirgi can sama. Dalili kuwa, baƙo guda ba ya kama da mamaya, kuma dole ya nemi amini kafin ya nemi yarjejeniya. To amma Genly ya kasa gane amininsa. Estraven, firaministan ƙasar Karhide, shi ne kaɗai ya gaskata shi, har aka kore shi daga ƙasa a matsayin maci amana, Genly kuwa na yi masa kallon mayaudari. Sai da Estraven ya kuɓutar da shi daga kurkukun Orgoreyn, suka yi kwana kusan 80 suna jan kaya a kan ƙanƙara, sannan idonsa ya buɗe. Wannan tafiya ita ce ƙashin bayan littafin. Babukan siyasar da suka gabace ta sun ɗan yi jan ƙafa.

Abin da ya rufe wa Genly ido shi ne mutanen Gethen ba maza ba ne ba kuma mata ba, sai na ƴan kwanaki a kowane wata. Duk da haka marubuciyar ta yi amfani da wakilin sunan namiji ga kowa, abin da masu nazari suka soka, ita ma daga baya ta amince da sukar. Ɗalibin fassara zai tarar matsalar ta fi tsanani a Hausa, domin Ingilishi ba ya bambanta jinsi a mutum na biyu. Duk lokacin da Genly ya fuskanci Estraven a cikin tanti, tilas mai fassara ya zaɓa masa ko "kai" ko "ke", alhali marubuciyar ba ta taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba.